Ɓawon fashon furut da ciwon suga: me gwajin ɓeraye ya nuna, kuma ina ya tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ta shekara tara tana fama da ciwon suga, tana shan metformin da glibenclamide. An turo mana bidiyo a WhatsApp cewa masana sun gwada ɓawon wani ɗan itace mai suna fashon furut a kan ɓeraye masu ciwon suga, ya warkar da su. Har wani ya ce zai samo mana garinsa. Ita kuwa ta gaji da haɗiyar ƙwayoyi. Shin maganar gaskiya ce? Za ta iya ajiye maganin asibiti ta koma garin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin a taɓa maganinta. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ta ajiye ko ƙwaya ɗaya saboda wannan bidiyon. Binciken da ake magana a kai an yi shi da gaske, kuma ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Sai dai kalmar "warkewa" mai bidiyon ne ya ƙara ta daga aljihunsa. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin magunguna, na kuma yi aiki da irin waɗannan ɓerayen da hannuna, don haka zan gaya maka abin da aka gani da kuma iyakar inda za a iya dogara da shi.

Shi wannan tsiro yaɗo yake yi, yana hawa shinge ko rumfa. Asalinsa Kudancin Amurka ne, Barazil ce kan gaba wajen nomansa, kuma a can sunansa marakuja. A nahiyarmu ana nomansa sosai a Kenya da Uganda. Masana suna kiransa Passiflora edulis, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai mai shunayya. In ka fasa shi za ka ga ruwa-ruwa mai tsami da ƙamshi, cike da baƙaƙen 'ya'ya, ga kuma ɓawo mai kauri da farin totuwa a ciki. Sunan nasa na Turanci yana ruɗar mutane, wasu su ɗauka maganin ƙarfin sha'awa ne. Ba haka ba ne: masu wa'azin Kirista 'yan Sifen ne suka raɗa wa furen suna, saboda sun ga siffarsa tana tuna musu wahalar da suka yi imani Annabi Isa, alaihis salam, ya sha.

Dalilin da ya sa yawancin binciken daga Barazil ya fito, kuma a kan ɓawo, yana da sauƙin ganewa. Kamfanonin lemo suna matse ruwan su zubar da ɓawon, shi kuwa ɓawon ya kai kusan rabin nauyin ɗan itacen. Juji guda kenan kullum. Mutane suka fara busar da shi suna niƙawa suna sayarwa a matsayin garin rage suga da ƙiba, sai jami'o'i suka ce bari mu duba ko da gaske ne.

A 2010 wasu masu bincike na Jami'ar Sao Paulo sun cakuɗa garin ɓawon a abincin ɓeraye masu ciwon suga, kashi 5, kashi 10 da kashi 15 cikin ɗari. Ko abincin mai kashi 5 ɗin ya sauke sugan jininsu sosai, hantarsu kuma ta ƙara ajiye suga a rumbunta maimakon ta bar shi yana yawo a jini. A 2011 wasu a jihar Ceará suka ciro wani abu guda daga ɓawon, fektin, suka ɗura wa ɓeraye shi kwana biyar, suga da kitsen jini suka ragu. A 2016 a Jami'ar Campinas aka ba ɓerayen da aka ƙosar da abinci mai maiƙo garin ɓawon, aka ga jikinsu ya fi jin insulin, wato sinadarin da jiki ke haɗawa don kwashe suga daga jini, hanjinsu kuma ya ƙara fitar da sinadarin GLP-1. A 2018 wasu suka riƙa ba ɓeraye ruwan da aka zuba wa sugan furuktos na tsawon mako takwas, waɗanda aka haɗa musu da garin ɓawon ba su tara kitse a hanta kamar sauran ba. Ka riƙe wannan na ƙarshen a ranka, domin garin da aka ba su kashi 30 ne cikin ɗari na duk abincinsu, za mu dawo kansa.

A ganina fektin shi ne kan maganar ɓawon gaba ɗaya, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Harza ce, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya iya tsotsewa, mai narkewa a ruwa ta yi kauri, dangin yauƙin da kake gani a miyar kuɓewa. In ta shiga ciki tare da tuwo, sai ta riƙe abincin, tumbi ya daɗe bai sake shi ba, hanji ya riƙa tsotsar sugan kaɗan-kaɗan maimakon ya kwarara cikin jini lokaci ɗaya. Abin da ya wuce zuwa babban hanji kuma ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su ci, su fitar da wasu sinadarai da ke sa hanji ya saki GLP-1, shi kuma ya taimaka wa jiki wajen fitar da insulin da jin ƙoshi. Wannan aiki ne na gaske, mai amfani. Amma ka lura, aikin abinci ne mai harza, irin wanda wake da kuɓewa da hatsin da ba a surfe ƙwarai ba suke yi gwargwadonsu.

Ganyen da 'ya'yan kuwa labarinsu daban. Ganyen yana ɗauke da sinadarai irin su orientin da vitexin, waɗanda a kwalbar gwaji suke rage saurin aikin sinadarin hanji mai farfasa sitaci ya zama suga. A Indiya a 2012 an ba ƙananan ɓeraye tataccen ganyen wani ɗan'uwansa, Passiflora incarnata, kwana 15, sugansu ya sauka. A Campinas a 2014 an shayar da ruwan ganyen Passiflora alata ga wani jinsin ɓera da ake kira NOD, wanda garkuwar jikinsa ke cinye ƙwayoyin insulin ɗinsa da kanta, aka ga waɗanda suka kamu da ciwon sun ragu. Wannan rigakafi ne a jikin ɓeran da bai riga ya kamu ba, kuma tsiron ma ba shi ne wanda ake sayar da ɓawonsa ba. 'Ya'yan su kuma suna da wani sinadari, fisiyatanol, wanda masu bincike na kamfanin Morinaga na Japan suka nuna a 2015 yana sauke suga a ɓeraye masu ƙiba. Kamfanin yana sayar da tataccen 'ya'yan, wannan bai ƙaryata sakamakon ba, amma mai karatu ya kamata ya sani.

To ka ga abin da bidiyon ya dunƙule wuri ɗaya ya kira "fashon furut": ɓawo, fektin da aka tace, ganyen tsiro uku mabambanta, sinadarin da aka ciro daga 'ya'ya da injin kamfani. Garin da za a kawo muku a leda, wanne ne a ciki?

Yanzu bari in shiga da kai ɗakin gwajin, domin a nan ne asalin amsar tambayarka take. Ɓera ba ya zuwa mana da ciwon suga, mu muke saka masa. Ana samun matashin ɓera lafiyayye, galibi namiji, mai nauyin giram 200 ko ɗoriya, a hana shi abinci dare ɗaya, da safe a yi masa allurar guba: ko aloksan, wanda aka gano aikinsa a 1943, ko sitireftozotosin, wanda aka gano nasa a 1963. Gubar tana bin ƙofar da suga ke bi ta shiga ƙwayoyin da ke haɗa insulin a fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta kashe su. Bayan kwana uku in ka buɗe ƙofar ɗakin, wari ne zai fara gaya maka allurar ta kama. Ɗiɗɗigar katakon da aka shimfiɗa a kejin ta jiƙe sharkaf da fitsari, kwalbar ruwan da aka cika da yamma ta ƙare tas, ɓeran yana ci kamar ba gobe amma ƙashin bayansa yana fitowa. Ka kama shi da tawul, ka ɗan tsaga ƙarshen wutsiyar, ka ɗiga jinin a kan tsinken na'ura, irin na'urar da Hajiya ke amfani da ita, lamba ta haura 300.

Ciwon wannan ɓera kwana uku ya yi, na Hajiya shekara tara, kuma wataƙila ya yi wasu shekarun yana ɓoye kafin a gano. Ɓeran guba ce ta kashe masa ƙwayoyin insulin dare ɗaya. Ita kuwa, tunda ƙwayoyi take sha suna yi mata aiki, nau'i na biyu ne da ita: jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, fankiriyas ta yi ta ƙoƙari har ta gaji, kuma galibi da hawan jini a gefe, ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa duk sun ɗanɗana shekarun. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ɓerayen da aka ƙosar da maiƙo ko furuktos sun fi kusa da irin ciwonta, shi ya sa nake ganin darajar binciken 2016 da na 2018 fiye da na aloksan, amma su ma makonni kaɗan aka bi su.

Akwai wasu ramuka biyu da duk wanda ya yi aiki da aloksan ya sani. Na farko, wasu ɓerayen suna farfaɗowa da kansu bayan 'yan makonni ko ba a ba su komai ba, domin gubar ba ta kashe ƙwayoyin duka ba. In rukuninka ɓera shida ne, kamar yadda aka saba a irin wannan aiki, biyu suka farfaɗo, sai lissafi ya nuna maka ganyenka ya yi abin al'ajabi. Na taɓa ganin ɗalibi ya zo da murna da irin wannan sakamako, da muka koma littafin awon sai muka tarar ɓerayen da ruwa kawai ake ba su su ma sugansu ya fara sauka. Na biyu, aloksan yana ɓarna ne ta hanyar ƙona ƙwayoyin da wasu sinadarai masu cin jiki, kuma kusan kowane ganye yana da abin da ke kashe kaifin waɗannan sinadaran. In aka ba ɓera ganyen kusa da lokacin allurar, abin da aka gwada shi ne makarin guba. Shi ya sa ɗaruruwan tsirrai, har da zogale da shuwaka da darbejiya namu, duk an rubuta sun sauke suga a jikin ɓera, kaɗan ne ƙwarai suka tsallake zuwa kantin magani. Ga kuma wani abu: binciken da bai nuna komai ba yawanci a aljihun tebur yake ƙarewa, ba ya zuwa mujalla, balle ya zo WhatsApp.

Sai maganar yawa. Ɓeran 2018 kashi 30 cikin ɗari na abincinsa garin ɓawo ne. A ce mutum yana cin abin da ya kai giram 500 na busasshen hatsi da sauransu a rana, nasa rabon giram 150 kenan na garin ɓawo kullum, kusan duk loma uku ɗaya ɓawo ce. Wace tsohuwa ce cikinta zai ɗauki wannan? Kuma duk dabbar da aka cika wa ciki da harza haka, dole abin da take samu na sitaci ya ragu, sugan ya sauka ko da wane irin ɓawo ne. Tataccen ruwan ma haka. Akwai binciken da aka ba ɓera miligiram 500 a kowane kilo na nauyinsa. Ƙa'idar da ake bi wajen juya wannan zuwa mutum ita ce a raba da 6.2, sai ya zama kusan giram biyar da rabi na tatacce zalla ga mai nauyin kilo 70, kuma kafin a samu giram ɗaya na tatacce sai an jiƙa ninkin-ba-ninkinsa na ɗanyen abu.

An gwada a kan mutane kuwa? An gwada, kuma wannan ne ɓangaren da masu bidiyo suke tsallakewa. A 2012 a Barazil an ba mutum 43 masu nau'i na biyu giram 30 na garin ɓawo kullum har kwana 60. Sugansu na safe ya ragu, awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, shi ma ya ragu. Labari mai daɗi, amma babu rukuni na biyu da aka hana garin don a kwatanta, kuma suna kan magungunansu na asibiti. Kowa ya san mutumin da ake kira asibiti a kai a kai ana auna shi yakan gyara cinsa ya kula da ƙwayoyinsa. A 2017 aka yi wanda ya fi shi tsari: mutum 54, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna shan giram 12 sau uku a rana na mako takwas, rabi ba sa sha. Da aka kwatanta, ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba a sugan jininsu. A shekarar dai a Japan an yi gwaji da mutum 39, aka ba wasunsu miligiram 20 na fisiyatanol kullum na mako takwas, aka ga alamar jiki ya ƙara jin insulin a cikin maza masu ƙiba kawai. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka ce wa mara lafiya ya ajiye maganinsa.

Kada ka ɗauka raina ganye nake yi, ko raina gwajin dabba. Insulin da yake riƙe da rayukan miliyoyin mutane a jikin karnuka aka fara gwada shi a Toronto a 1921, kafin a yi wa yaro na farko allurarsa a Janairun 1922. Metformin ɗin da Hajiya ta gaji da shi ma asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis. Sinadarin da ke cikin tsiron yana sauke suga, amma yana da guba, sai da aka yi shekaru ana gyara shi kafin likita Jean Sterne ya gwada metformin a kan mutane a Faransa a 1957. Wato ƙwayar da ke hannunta ganye ce da ta riga ta bi doguwar hanyar da ɓawon fashon furut yake bakin farawa. In ta sake ta ta kama garin, an yi saki reshe kama ganye.

Kuma saukar suga kaɗai ba ita ce lafiya ba. Itacen gwanja kusa da ake samu a yammacin Afirka, ɗanyen ɗansa da bai buɗe da kansa ba yana sauke suga fiye da duk wani ɓawo, har ya kashe, kuma ya kashe yara a nan yankin da kuma Jameka. Ba ina cewa fashon furut haka yake ba, cikin nunannensa abinci ne lafiyayye. Amma ɓawonsa, musamman na ɗanye, yana da irin sinadarin nan na rogo mai ɗaci da ke sakin gubar sayanayid, shi ya sa masu sarrafa shi da kyau suke jiƙawa ko tafasawa kafin su busar. Ɓawo kuma shi ne inda maganin feshi yake zama. Garin da ba a san wanda ya niƙa shi ba, ba ka da hanyar sanin an yi masa wannan aikin, ba ka ma da tabbacin ɓawon ne zalla. Ganyen kuwa an fi saninsa da sa barci, don haka bai dace a haɗa shi da maganin barci ba, mai ciki ma ta nisance shi.

Abin da ya fi damuna game da Hajiya shi ne glibenclamide. Wannan ƙwaya tana matsa wa fankiriyas ta fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. In aka ƙara mata gari mai cika ciki ta rage cin tuwo, ko ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis a kai, suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'ura, wato 3.9 in na'urarku ɗaya ma'aunin take nunawa. Alamarsa gumi, karkarwa, bugun zuciya, ruɗewa, kuma a jikin tsoho yakan zo shiru sai dai a ga ya sume. Ta ɗaya gefen kuma, harza mai yauƙi tana iya riƙe ƙwaya a hanji kamar yadda take riƙe suga. An nuna haka a Bangaladesh a 2011, da aka haɗa wa ɓeraye ruwan kuɓewa da metformin, maganin ya kasa shiga jini yadda ya saba.

In tana son ɗan itacen, ta ci abinta, ɗaya ko biyu, da 'ya'yan duka, domin harzar a jikinsu take. A giram 100 na cikinsa akwai suga kamar giram 11 da harza kamar giram 10. Lemonsa na kwalba ko na kwali kuwa ta bar shi: an tace harzar, kuma saboda tsaminsa ana zuba masa suga mai yawa. In kuma ranta ya kwanta a kan garin, kada a yi a ɓoye. Ku je wa likitanta da shi a hannu, a tabbatar da inda ya fito, a fara da ƙaramin cokali a cikin abinci da ruwa isasshe, a bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayoyinta, a riƙa auna suga da safe da kuma awa biyu bayan cin abinci ana rubutawa a littafi.

Gajiyar da ta ce ta yi da ƙwayoyi kuwa, kada ku wuce ta kamar ba ku ji ba, ita ce ainihin abin da ya kawo wannan tambayar. Ka zauna da ita ka ji me ke damunta. In metformin ne ke murɗa mata ciki ko sa ta gudawa, akwai nau'insa mai narkewa a hankali, kuma shansa a tsakiyar abinci yana rage hakan. In yawan ƙwayoyin ne, akwai waɗanda aka haɗa biyu a ɗaya. In jiri da gumi take ji kafin azahar, wataƙila glibenclamide ɗin ne ya yi mata ƙarfi, kuma likitoci da yawa sukan canza wa tsofaffi shi da wanda bai kai shi faɗar da suga ba. Idan kun je, ka roƙi a yi mata awon HbA1c da na ƙoda, a duba idonta da tafin ƙafarta, tunda shekara tara ta isa a riƙa duba su duk shekara. Ka gaishe min da ita, Allah ya ƙara mata sauƙi.